Farar Shadda a Wajen Dashen Itace

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je dashen itace a Washington ba. Ko na so in manta ma, uwargidana ba za ta bari ba.

Kafin mu zo Amurka, ni mataimakin darakta ne a ma'aikatar muhalli ta jiharmu. Na san ma'aikatar nan tun tana ɗan ofishin duba-gari a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, tebur biyu da fanka mai kuka. A gabana aka yanko sashen gandun daji daga ma'aikatar gona aka liƙa mana, aka ƙaro masu kwashe shara, daga baya wani gwamna ya ce a haɗa mana da makamashi, sai ga mu muna rabon murhu mai tsimin itace da fitilun sola. To amma da muka sauka a Largo, wani gari kusa da Washington, babu wanda ya tambaye ni tarihi. Gadi na samu a wani ginin ofis, ina zaune ina duba katin shigar yaran da na girme wa iyayensu. Abin yana cina sosai, ba zan ɓoye ba. Burina kawai in koma aikin da na sani.

Muna da maƙwabciya, Ladi, 'yar Jos, nas ce. Ita ta yi jinyar mahaifin wata mata da ke shugabantar sashen itatuwa a ma'aikatar muhalli da makamashi ta birnin Washington. Wata rana ta leƙo ta ce, "Baba, na yi maka magana. Suna neman mutum. Ta ce ka zo ranar Asabar wajen dashen itace a bakin kogi, sai ku gana a can."

Na yi murmushin manya. Dashen itace ai gonata ce, shekara da shekaru ni nake tsara bikinsa a gida. A kafa rumfa, a jera kujeru, a kira maroƙa. Leburori sun haƙa rami tun jiya. Babban baƙo ya sa tsiro, ya watsa ƙasa sau biyu da sabon shebur, a tafa, a ɗauki hoto, wani ya rusuna da tasar ruwa da tawul ya wanke hannu. Sai jawabi, sai shinkafa.

Don haka na ciro farar shaddata ta ɗaurin aure, babbar riga da 'yar ciki, ta sha sitaci har tana ƙara. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, jiya fa an kwana ana ruwa." Na ce ai akwai rumfa. (A jirgin ƙasa mutane sai kallona suke yi, ni kuwa na ɗauka kwarjini ne.)

Na isa bakin kogi, ba rumfa, ba kujera, ba ko lasifika. Taɓo ne iya ganinka, da mutane cikin takalman roba, ɗalibai da tsofaffi, kowa ya duƙufa yana haƙa. Na ce a raina, oho, leburori ba su gama ba, na yi sammako. Na sami busasshen wuri na tsaya, hannu a baya, har ina gyaɗa musu kai don su ji ƙarfin gwiwa.

Can sai ga wata gajeriyar mata mai furfura, wandonta duk laka, tana tura baro. Ta gaishe ni da fara'a ta miƙo mini shebur da safar hannu. Na ƙi safar, na karɓi shebur. Na ga wani rami da wata ɗaliba ta gama haƙawa tana share gumi, na taka a hankali na ɗauki tsiro na saka, na watsa ƙasa sau biyu, na ɗago kai ina neman mai hoto. Shiru. Na mayar wa matar sheburinta, na miƙa mata tafukana biyu na ce, "Ruwan wanke hannu fa?"

Wallahi ta kawo. Ta ɗauko bokiti ta zuba mini, ban ga ko alamar dariya a fuskarta ba. Na yarfe hannu na ce, "Madalla. Je ki gaya wa shugabarku baƙon da Ladi ta turo ya iso."

Ta cire safa ta miƙo mini hannu. "Ni ce," in ji ta. "Tun ɗazu nake zuba ido. Ga sauran can suna jiranmu." Ta nuna tsirrai jere a tukwanensu har bakin ruwa.

Jama'a, da ƙasa ta tsage da na shige. Ɗalibar da na ƙwace wa rami ta juya baya, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ba yadda na iya, na naɗe babbar riga a kafaɗa na kama shebur. Duk saran da na yi sai rigar ta zamo ta sha taɓo. Ban kai gwiwa ba numfashi ya gagare ni, hannu ya yi bororo. Wata tsohuwa da ta isa ta haife ni ta ce in huta, ta ƙarasa mini ramin. A nan na gane ban taɓa haƙa ramin itace da hannuna ba.

Da muka zauna a bayan motar aikinsu muna shan ruwa, shugabar ta tambaye ni aikinmu na gida. Na kwashe tarihi na ba ta. Ta ce su ma daga ma'aikatar lafiya da ta ayyuka aka tsinto su aka haɗa, makamashi ya biyo baya. Har na fara jin daɗi, ashe dangi ne mu. Sai ta ce, "To bayan an tashi daga biki, wa yake ba itatuwan ruwa?"

Na yi tunani, na ce, "Allah."

Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta ce gaskiya kujerar ofis ɗin da suke da ita tana buƙatar takardun nan ƙasar, ba ni da su. Amma suna neman wanda zai riƙa bin sababbin itatuwa da motar tanki yana shayar da su lokacin zafi, in ba zan raina ba. Girman kai ya ce in miƙe in tafi. Na tuna kujerar gadi, na ce mata yaushe zan fara.

Haka na yi bazara ina jan tiyo a titunan birni, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. In 'yan uwa suka bugo daga gida suka ce ina nake yanzu, sai in gyara murya in ce, "Ma'aikatar muhalli da makamashi." Ban yi ƙarya ba, su ma ba su tambayi muƙami ba.

Abin da na koya kaɗan ne. In an gayyace ka dashen itace, tambayi wanda zai haƙa ramin kafin ka zaɓi riga. In kuma ka isa, fara gaida wanda ya fi kowa datti.