Yadda Za Ka Gane Tsohon Injin da Teku Ta Amayar Ba Tare da An Gane Ka Ba

Idan guguwa ta wuce, ka sauko bakin teku da safe ka tarar mutanen gari sun zagaye wani tsohon inji da tsatsa ta cinye, kada gabanka ya faɗi don ka gane shi tun daga nesa. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka fita da mutuncinka har da ƙari. Maƙwabcina Tokuji ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yau shi ake fara rusuna wa a tsibirin nan.

1. Ka tuna abin da kake ɓoyewa

Injin na surukin Tokuji ne, marigayi mahaifin matarsa Sumiye. Ranar aure aka ba Tokuji shi tare da jirgin ruwansu. Da ya sayi sabo, sai ya ce wa Sumiye ya kai tsohon gidan tarihi a birni, an sa shi cikin gilashi da sunan babanta a jiki. Har hawaye ta yi don daɗi. Alhali bayan Dutsen Hankaka ya tura shi ruwa.

Ka san dokar gari. Abin da aka san mai shi, mai shi ke kwashewa a gaban kowa. Abin da ba shi da kowa kuwa baƙon teku ne, igiyar karan shinkafa ake ɗaura masa a girmama shi. Nauyin ƙarfen bai dami Tokuji ba. Idon Sumiye yake tsoro.

2. Kada ka yi sauri

Mai gaskiya ne ke gudu ya ga abin da ya faru. Masani a hankali yake zuwa, hannu a baya. Ka zagaya injin, ka tsuke baki, ka ce "uhm" mai tsawo. Masana sun tabbatar rabin ilimi yana cikin wannan uhm ɗin.

3. Rufe shaida

Kowane tsohon inji yana da tabon da zai tona ka. Na Tokuji, abin sa giyarsa ya taɓa karyewa, surukin ya ɗauko ludayin miya daga kicin ya liƙa mariƙinsa a wurin. Duk jikin injin ya lalace, amma ludayin nan yana nan yana ƙyalli kamar jiya aka wanke shi. Tokuji ya cire hularsa ya kifa a kai. Kai ma ka je da hula.

4. Ka kai asalinsa nesa

Kada ka ce na tsibirin maƙwabta ne, suna da waya. Ka tsallake teku gaba ɗaya.

"Wannan ba aikin ƙasar nan ba ne," in ji Tokuji. "Ku dubi zaman kusoshinsa."

Genzo, shugaban masunta, ya sunkuya ya leƙa. "Ni kuwa kamar na san shi. Wannan bututun, kamar na taɓa jin tarinsa da asuba."

"Kai da matarka ke kiranka sau uku ba ka ji, tarin inji za ka tuna?"

Aka kwashe da dariya, Genzo ya koma gefe. Ka riƙe wannan: hujjar da ba ka iya karyawa, ka zolayi mai ita.

5. Ka ɗanɗana tsatsar

Dangwala yatsa ka kai baki, ka lumshe ido. Ka ce gishirin ba na ruwanmu ba ne. Babu wanda zai gwada don ya ƙaryata ka.

6. Idan matarka ta iso, ka tsallaka zuwa mataki na ƙarshe

Sumiye ta sauko da kwandon ganyen teku a baya. Ta dubi injin, ta dubi hular, ta dubi mijinta.

"Maigida, rana za ta gasa maka sanƙo. Sa hularka mana."

Tokuji ya ƙara danna hular a kan ludayin. Ya gyara murya ya ɗaga hannu. "Jama'a, a gaban baƙo ba a sa hula. Wannan ba shi da mai shi. Baƙon teku ne, arzikin kifi ya kawo mana!"

Tsofaffi suka rusuna. Kafin rana ta take an kawo igiya, an kafa rumfa, an zuba wa injin giyar shinkafa.

7. Karɓi nasararka

Ana shirin watsewa Sumiye ta yi magana a ladabce. "Shugaba, in ban manta ba, wanda ya fara kiran baƙo da sunansa shi ne mai hidimarsa har baƙon ya ruɓe ya koma ƙasa, ko?"

"Haka kakanni suka bari," in ji Genzo, bakinsa har kunne.

Washegari ta tashi mijinta tun kafin jirage su fita. Ta miƙa masa ƙoƙon shinkafa da tsumma.

"Ka gaishe min da baƙon," ta ce. "Ka goge mariƙin nan da kyau. Inna ta rasu tana cigiyar ludayinta."

Sanarwa

Mutunci na yi maka alkawari, kuma ka samu. Ban ce komai a kan barcin safe ba, ko ciwon baya, ko irin kallon da za a riƙa yi maka a kan abinci. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka ne da teku da matarka, babu hannuna. Mai ƙorafi ya kai wa Tokuji. Ba shi da wuyar samu, kullum da asuba yana ƙarƙashin rumfa da tsumma a hannu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.