Sabuwar Unguwa a Tsohuwar Majema

A Dajin Kwarin Marke kowa ya san wurinsa. Manyan dabbobi suna kan tudu, inda iska take. Ƙanana, wato gafiyoyi da kuregu da bushiyoyi da sauran masu kwana a rami, suna gaɓar kogi, inda ƙasa take da laushin tono. Majalisa tana zama duk Laraba a gindin wata tsamiya, Giwa Sambo yana shugabanta, kuma tun kafuwarta tana da ƙa'ida guda da take alfahari da ita: ba ta karɓar shaida sai ta abin da aka gani a fili. Duk abin da ya fito daga cikin rami, a wurinta jita-jita ne.

Gabas da dajin akwai tsohuwar majemar kuraye. Shekara da shekaru a nan ake jeme fata, kada ka tambaye ni fatar wa. Da kasuwa ta mutu, kurayen suka binne ragowar magungunan jima a rijiyoyinsu, suka kwashe komatsansu, suka kama gabansu. Shekara ashirin ko zomo ba ya ratsa wurin.

Wata Laraba sai Dila Cindo, Sarkin Gini, ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, manyan daji, abin kunya ne a ce fili kamar wannan yana kwance a banza, 'yan'uwanmu kuwa suna cunkushe a gaɓa, duk damina ruwa yana bin su har ɗaka. Wallahi tausayinsu ya hana ni cin abinci. Za mu rushe kangon, mu share shi, mu yanka filaye ɗari uku, kowane gida da nasa. Kyauta."

Kyauta! Daga bakin Dilan da ko ƙashin da ya gama gwaguya ba ya bari wani ya lasa. Amma ƙananan dabbobi suka ɓarke da guɗa, har da masu hawaye.

Tasalla ce kaɗai ba ta yi guɗa ba. Gafiya ce mai 'ya'ya bakwai, kuma ba za a ce ba ta san ambaliya ba, don ruwan bara ne ya tafi da mijinta. Sai dai ubanta ne ya tona wa kuraye rijiyoyin nan, ta kuma ga yadda ya mutu, gashinsa duk ya zube.

"Ranka ya daɗe, tambayata biyu," in ji ta. "In mun tashi, wa zai zauna a gaɓar? Sannan me ya sa gara ba ta taɓa gini a majemar ba? Gara fa, da ko gindin tsamiyar nan ba ta ƙyale ba."

Dila ya yi murmushi. "Baiwar Allah, tambayarki ta farko ba ta cikin abin da aka zauna a kai yau. Ta biyu kuwa, gara ba ta da wakili a wannan majalisa."

Giwa Sambo ba mugu ba ne, kunnensa ne dai ya fi tunaninsa faɗi. Ya ce a bincika, aka kuwa tura Balbela Tanimu, mai duba ƙasa. Tanimu ya taka filin daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana ɗaga ƙafa a hankali, ya dawo ya buɗe fukafukansa a gaban majalisa.

"Na taka ko'ina, ranka ya daɗe. Ku dubi rigata, ko ɗigo babu."

Giwa ma da kansa ya je ya buga ƙafa sau uku, ƙasa ba ta rufta ba. Aka yi tafi.

"Ranka ya daɗe, ai mu ba a kan ƙasa muke kwana ba, a cikinta muke," Tasalla ta ce. Ta kwance wani ganye, ta ajiye curin ƙasa shuɗi-shuɗi mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. "Kamu biyu kawai na tona na samo wannan. A shaƙa a ji."

Babu wanda ya shaƙa. Dila ya ja da baya yana toshe hanci, ya tuna wa majalisa ƙa'idarta. "Daga rami ta fito da shi. Wa ya ga inda ta ɗebo?" Duk da haka, in ji shi, don a kwantar wa kowa da hankali, za a zuba jar ƙasa taƙi ɗaya a kan filin, a dasa ciyawa. Aka sake yin tafi, wannan karon har da maƙwabtan Tasalla.

A hanyar gida Kurege Jatau ya tare ta. "Haba Tasalla! Sau ɗaya tak aka tuna da mu, ke kuma sai kin ɓata mana? Ke ba ki gaji da kwashe 'ya'ya a ka duk damina ba?"

Ta gaji mana. Ta wuce gida.

Ita ce ta ƙarshe da ta tashi daga gaɓar. Ranar da take kwashe kaya aka sare ciyayin gaɓa, sai ga turakun awo a jere, kowane da alamar wani babba a majalisa, na Dila a inda kogi ya fi inuwa. Turakun har sun yi saiwa sun fitar da ganye. Tasalla ta ƙura musu ido, ta lissafa wata nawa itace yake ɗauka kafin ya yi haka, ta ga tun kafin tausayi ya hana Dila cin abinci aka kafa su.

Sabuwar unguwa ta yi kyau, wannan ba a musu. Layuka a miƙe, ciyawa shar. Tasalla ta so tononta ya tsaya a jar ƙasa, amma taƙi ɗaya ba ya ɗaukar uwa da 'ya'ya bakwai, dole ta nutsa. Wata biyu cif, autarta Ladiyo ta fara tari, gashinta ya fara bin shimfiɗa. Gidan Jatau ma haka, gidaje goma sha ma haka. Ranar wata Talata Ladiyo ta cika.

Tasalla ba ta binne ta ba. Washegari ta ɗauko gawar a baki, ta ratsa tsakiyar majalisa, ta shimfiɗe ta a gaban Giwa.

"Wannan a fili take, ranka ya daɗe. Kowa ya gani."

Giwa ya share ido da hancinsa, kuma na yarda kukan gaske ya yi. Ya ce lallai a gano dalili. Balbela Tanimu ya sake zagawa, ya dawo da sakamako mai tsabta kamar rigarsa: duk gidan da aka yi ciwo, an tona an wuce jar ƙasa. Ashe ba filin ne da laifi ba, tono ne.

Dila ya miƙe. "Ba za mu zuba ido 'ya'yanmu suna mutuwa ba. Daga yau an haramta tono a sabuwar unguwa. A cike ramuka, kowa ya kwanta a kan ciyawa, ga iska ga haske. Kuma don kada wani ya cuci kansa a ɓoye, a naɗa mai kaifin ido ya riƙa sintiri ta sama."

Aka naɗa Shaho. Ya karɓi aikin nan take, ya ce ko lada ba ya so, majalisa ta yaba da kishinsa.

Da hantsi Tasalla tana kwance a tsakiyar filinta, a sarari, 'ya'ya shida sun cusa kai a ƙarƙashin cikinta, wutsiyoyinsu a waje. Inuwa ta gifta a kan ciyawa. Ta juyo, ta sake giftawa, wannan karon ƙasa-ƙasa. Can gidan Jatau aka ji ƙara ɗaya, sai shiru.

Babban ɗanta ya ɗago kai. "Inna, mu tona?"

Tasalla ta dubi ƙasar da ta ci Ladiyo, ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Ku tona," ta ce. "Ajalin ƙasa ya fi na sama jinkiri."