Kabejin Turawa a Cikin Daro

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo duba ni a aji ba. Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, wajen tsakiyar shekarun 1980, an tura ni gwajin koyarwa wata makarantar 'yan mata a Gomari. Makin ranar shi ne komai: in na faɗi, sai na maimaita shekara.

Darasin da ya faɗo a kaina na kimiyyar abinci ne, daga wani littafi bugun Ingila: bambancin amfanin karas na gwangwani da wani ganye, Brussels sprouts, wanda ake daskararwa kafin a dafa. Ni dai "burasal" nake ce masa. Na haddace bayanin tsaf. Karas ya fi bitamin A mai gyara ido, amma gishirin gwangwani ya yi masa yawa. Burasal ya fi bitamin C da abin gina jiki.

Dokar kwalejinmu kuwa, ba ka shiga aji hannu rabbana, sai da abin nunawa. Karas ɗin na same shi a kantin wani Inyamuri. Burasal kuma ko mai kantin bai taɓa jin sunansa ba. Na ƙura wa hoton littafin ido, na ga kabeji sak, na yanke hukunci: kabeji ne, iyayin Turawa ya sauya masa suna. Na zaɓo mafi girma a kasuwa, na kai firizar maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara a Bolori ya kwana (ai littafi ya ce daskararre), da safe na dafa shi ɗungurungum, na ɗauko a daro.

Mai duba ni Madam Rifkatu ce, dattijuwa 'yar garin Biyu wadda ta yi karatu a Ingila. Ta zauna a bayan aji. Na zuba bayani ba gargada, har na karanto inda aka ce mutum ɗaya kan ci kamar takwas a zama guda.

Falmata, wata ɗaliba a layin gaba, ta dubi daron, ta ɗaga hannu.

"Malama, irin wannan guda takwas? Mutum ɗaya?"

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na gyara tsayuwa.

"Ƙasarsu akwai sanyi, Falmata. Turawa suna da ci sosai. Ku rubuta."

Suka kuwa duƙufa suna rubutawa. Na hango Madam ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka tari ne.

Da aka tashi ta kira ni gefe. Ta haɗa babban yatsa da manuni, ta yi ɗan zobe.

"'Yata, girmansa ke nan. Bai wuce lemon tsami ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan ajiye idona.

"Bayaninki daidai ne, zan ba ki makinki. Amma gobe da bakinki za ki ce su goge abin da suka rubuta, kafin su kai shi gidajensu."

Na ci gwajin da ƙyar, na kuma fito da suna: Malama Takwas. Tun daga ranar, duk ɗalibar da ta zaro ido ta ce "Malama, anya?", sai in koma in sake duba littafi, in bar Turawa su ci abincinsu lafiya.