Yadda Za Ki Ciyar Da Mijinki Ƙashin Saniya Shekara Talatin Da Huɗu Bai Sani Ba

Sunana Dularie, matar marigayi Sukdeo na Barrackpore, wanda tun yana saurayi ya yi wa Ubangiji alkawari a mandir, ɗakin ibadarmu, cewa abu mai rai ba zai ƙara wuce maƙogwaronsa ba. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai. Aji uku na yi a makaranta aka cire ni zuwa gonar rake, amma a wannan fanni duk kudancin Trinidad ba wadda ta kai ni. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ki tabbaci mijinki zai ci ƙashin saniya kowace Lahadi, ya lashe cokali, ya sa miki albarka. Wata huɗu ke nan da muka ƙona gawarsa a bakin ruwa, shi ya sa yanzu bakina ya buɗe.

Mataki na 1: Ki yarda da hancinki

Mu nan ba karanta abinci muke yi ba, sansana shi muke yi. In yana ƙarni, a kauce masa. In ba ya yi, a ci. Haka uwata ta koya mini, kuma da wannan hancin na shiga gidan Sukdeo. Sati biyu da aurenmu na haɗa masa jan jeli, irin na kwalin nan da ake zuba wa ruwan zafi ya daskare yana kaɗawa a faranti. Na sansana, ƙamshin alewa kawai. Ya ci, ya ce tunda aka haife shi abinci bai taɓa yi masa rawa ba. Daga ranar, Lahadi ba ta cika sai da shi.

Ki riƙe wannan ilimin: abin da yake ja kuma yake ƙamshi ba shi da uwa, ba shi da ƙafa.

Mataki na 2: Kalmar da ba ki gane ba a jikin kwali, sunan mutum ce

A bayan kwalin akwai ƙananan rubutu. Na gane sukari. Sai wata kalma, Gelatine. Maƙwabciyarmu sunanta Ernestine, ƙanwarta Clementine, to me ya rage? Na gaya wa Sukdeo sunan matar da ke da kamfanin ne. Shi awon rake yake yi a sikeli, lambobi ya saba dubawa, ba bayan kwali ba, sai ya yarda. Shekara tara Madam Gelatine tana cin abinci tare da mu. In jelin ya yi kyau ya ce yau Madam ta yi ƙoƙari. In ya yi ruwa ya ce ƙila mijinta ya ɓata mata rai.

Mataki na 3: Kada ki tsaya hira a bakin shinge

Ernestine 'yar cocin masu hutun Asabar ce. Ita ma ba ta cin nama, kuma tana da wani ɗan littafi da ke hana mutum jin daɗin duniya. Wata Talata ina shanya, ta leƙo ta fara karanto mini. Wai wani cukun kanti da ruwan tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da shi. Wai baƙar miyar kwalba akwai ƙananan kifi narke a ciki. Wani burodin da kitsen alade, wani jan launin alewa kuma ƙwari ne aka niƙa. Ina dariya ina cewa mu ko ɗaya ba ya shiga gidanmu. Sai idonta ya faɗa kan kwalin a tagar kicin.

"Maƙwabciya, wancan fa? Ba mace ba ce. Ƙashi ne da fata, yawanci na saniya, a dafa har ya narke."

Saniya, wadda muke kira uwa. Na zauna a kan bokitin wanki ina kuka. Sukdeo yana kwance cikin lilonsa na buhu a ƙarƙashin gidanmu da ke kan ginshiƙai, hula a fuska, yana minshari. Na gode wa Ubangiji da ya yi shi mai nauyin barci.

Mataki na 4: Ki yi shiru, ki ci gaba

In kin daina, zai tambayi dalili. In kin faɗi dalili, kin gaya wa mutum alkawarinsa ya karye tun shekara tara, kuma da cokalinki aka karya shi. Sau nawa na ɗauko maganar har bakina, sai in gan shi ya zauna a teburi yana murza hannu, in haɗiye ta. Ba yabon kaina nake yi ba. Tsoro ne, amma in kika daɗe da shi sai ya zama kamar gwaninta.

Mataki na 5: Ki rabu da kwalin

Dalili kuwa Yaya Phulo ce, yayarsa. Tabarau biyu take sawa, ɗaya a kan ɗaya, in za ta karanta kwali, kuma ta taɓa mayar da sabulu kanti don ba ta yarda da kitsen cikinsa ba. Jikokina biyar, har yau Amarya take kirana.

In kina da sa'a mijin da kansa zai taimake ki. A satin da Ernestine ta yi maganar ya dawo da garin jelin cikin gwangwanin madara marar takarda. Ya ce tururuwa na shiga kwali, daga yau shi zai riƙa sayowa yana juyewa, kuma an ce yanzu sai an tafasa shi a wuta. Na tafasa. Ya fito da ɗan tsami, ya fi na da tauri. Na ce kamar ya canza.

"Madam Gelatine ta rasu," in ji shi, ko murmushi babu. "'Yarta ce ta gaji aikin."

Na ce Ubangiji ya ji ƙanta. Na shige kicin na toshe bakina da tsumma, ni kaina ban san dariya ce ko kuka ba.

Mataki na 6: Ki karɓi yabo

Jelin kowa narkewa yake in ya sha rana. Nawa kuwa yini yake a teburin bikin Divali a tsaye kamar soja. Mata su tambaye ni sirrin, in ce hannu ne, ba a koyarwa.

Mataki na 7: Ki riga shi mutuwa

Wannan ne na kasa. Zuciyarsa ce ta gaji. Ɗan garin da ya rage a gwangwanin na dafa na kai masa asibiti, ya ci rabi, ya ce in ajiye masa sauran.

A rana ta goma sha uku da rasuwa ake sallamar mamaci. Ana zuba duk abincin da yake so a kan faffaɗan ganyen da muke kira sohari, a ajiye a gindin bishiya. Pandit, malaminmu, ya ce abu mai rai ko ɗigo kada ya taɓa ganyen, in ba haka ba tafiyar za ta yi masa nauyi. Yaya Phulo ta juyo gare ni.

"Amarya, jelin nan shi ne farko, kowa ya sani. Tunda gwangwani ya ƙare, ki kawo mini kwalin in karanta da idona."

In na saka, na ɗaura masa dutse a hanya. In ban saka ba, na sallame shi ba tare da abin da ya fi so ba, kuma dangi duka za su tambayi dalili.

Mataki na 8: Ki je kantin da kanki

Da safen rana ta goma sha biyu na je wurin Mista Achong, mai kantin bakin hanya, ban ma san abin da zan yi da kwalin ba in na saya. Na ce ya ba ni jeli irin na Sukdeo. Ya shiga ciki ya fito da ƙunshin wani farin gari da busasshen zoɓo. Na ce na kwali nake nufi.

"Matar Sukdeo, rabon mijinki da kwali shekara ashirin da biyar. Wata Talata ya shigo nan, hula a hannu, ya ce in nemo masa abin da ke daskarewa wanda bai taɓa numfashi ba. Wannan garin ciyawar teku ne. Can bayan kanti yake zama ya daka zoɓo ya gauraya da sukari. Ya ce in na gaya miki, ko ashana ba zai ƙara saya a wurina ba."

Na tambaya me ya hana shi faɗa mini. Achong ya ce shi ma ya taɓa tambayarsa, sai Sukdeo ya ce matar da ta zauna a kan bokiti tana kuka ta riga ta biya.

Ashe minsharin na ƙarya ne. Shekara ashirin da biyar ina ɗauke da dutse a ƙirji, ashe ciyawa nake dafawa. Na zagi mutumin nan a gaban Achong, zagi mai kyau, sannan na nemi turmin da yake daka a ciki.

Na koma gida na gaya wa Yaya Phulo komai, har da shekaru taran farko. Ta cire tabarau ɗaya, ta cire na biyu. Ta daɗe tana ƙirga Divali da yatsu.

"Ni ma na ci," in ji ta. "Har da ƙari."

Washegari ita da kanta ta sansana jelin ta ɗora shi a ganye. Muka ajiye a gindin mangwaro, rana tsaka, ya tsaya kamar soja. Wani tsuntsu mai rawayar ƙirji ya sauko, ya tsallake shinkafa, ya tsallake gurasar roti da kabewa, ya kai wa jelin sara. Jelin ya yi masa rawa.

Yaya ta ce, "Shi ne, ƙanena ya zo. Tun yana ƙarami da zaƙi yake farawa."

Sanarwa

Tabbacin da na ba ki a sama na janye shi, tunda ni kaina shekara tara kawai na yi nasara. Duk wadda ta bi matakan nan, ruwanta. Ba hannuna in pandit ya kama ki, ko yayar miji ta sa tabarau na uku, ko naki mijin ya zama da gaske barci yake yi. Ki ɗaga hular ki duba tukuna. Mai ƙorafi ta kai wa 'yar Madam Gelatine, sai dai ita ma ta rasu wata huɗu da suka wuce. Gwangwani kawai ta bar mini.