Sun Zo Da Damina, Sun Ce Ba Kowa

Jama'a, ku taya ni jaje, wandona ya riga mu gidan gaskiya. Sabon yadi ne, ɗinkin kasuwar Kwararafa, wanda na keɓe don fita kunyar surukai. Ajalinsa ya same shi ran Litinin da safe a kan waya mai ƙaya, a wurin da tun tasowata ban taɓa ganin ko tsinke an kafa ba.

Ga yadda aka yi. In ka wuce Farin Gada ka miƙe, akwai wani tsohon kududdufi da masu haƙar kuza suka bar mana gado bayan sun kwashe mai maiƙon. A bakinsa Baba Sa'adu ke noman rani, kabeji da latas da karas, kamar yadda mahaifinsa ya yi. Baba Sa'adu shi ne mahaifin Raliya, Raliya kuwa ita ce dalilin da ya sa na rame. Takan kai wa Baba kunu da safe, ni kuma nakan biyo ta wurin bisa tsautsayi, ko da yake gidanmu na Jos Jarawa ne, tsautsayin kuma sai ya hau keke biyu.

Ranar na taho da baitoci masu zafi a aljihu, sai na iske shinge ya zagaye kududdufin da gonakin kaf. Baba na zaune kan injin ban ruwansa a gefen titi, Raliya na tsaye da kwanon kunu. Na ce a raina soyayya ba ta san shinge ba, na ɗaga ƙafa. Ashe shinge ya san wando.

Mai gadin, Hyginus, tsohon ɗan dako a Farin Gada, ya taho yana kaɗa kai.

"Mahdi, sauka kar ka sa a kore ni. Madam na kamfani ya ce ko akuya kar ya shiga."

"Ni ne akuyar?"

"Akuya ya fi ka wayo. Shi ta ƙasa yake bi."

Raliya ta kau da kai, ta ce, "Rufa da jaridar da kake rubutu a ciki, ko ta yi wa wani amfani yau."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan nan, irin da na rena a bayan gida ya isa dashe. In makon nan ya wuce bai shiga ƙasa ba, ya tafi ke nan. Kabeji ba ya jiran taro." Daga kabejin nan gidansu ke ci har shekara ta zagayo. Sai na ji baitocin aljihuna sun huce kamar kunun.

Washegari na aro wando na tafi ofishin kamfanin da ya sayi filin. Ba zan kama suna ba, ni ma ina son ganin aurena. Jami'ar hulɗa da al'umma, Madam Theodora, ta tarbe ni da fara'a da ruwan gora, ta miƙo mini wani littafi mai sheƙi kan yadda kamfaninsu ke mutunta haƙƙin ɗan Adam. Jama'a, na karanta littattafai a rayuwata, na soyayya da na falsafa da waɗanda ɓera ya cinye ƙarshensu, amma ban taɓa cin karo da kalamai masu taushi irin waɗannan ba. Wai al'umma ce bugun zuciyarsu. Wai ba sa taka ƙasar kowa sai da yardarsa. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Da ni na rubuta wa Raliya rabin wannan, da tuni an sa rana.

Na share ido na ce, "Madam, to manoman bakin kududdufi fa?"

"Waɗanne manoma? Ƙwararrunmu sun je, ba su ga kowa ba."

"Yaushe suka je?"

"Cikin Agusta. Har da jirgi marar matuƙi, ya ɗauki hoto daga sama."

Allah ya ja zamanin ƙwararru. An tafi neman manoman rani a tsakiyar damina, lokacin da kududdufi ya cika ya tumbatsa, fangalan lambu suna ƙarƙashin ruwa, ciyawa ta kai ƙugu, Baba kuma yana gida yana gyaran inji. Jirgi ya leƙa, ya ga ruwa da kwaɗi, kwaɗin ba su yi ƙorafi ba, aka rubuta ba kowa. Wannan ilimi ya burge ni. Da shi za ka iya zuwa masallaci da hantsi ka tabbatar garin ba masallata, ko ka leƙa gidan mai ranar da babu mai ka ce 'yan Jos sun daina hawa mota.

Ta ce ai an ma yi taron tuntuɓar al'umma. An yi kuwa, a wani otal mai sanyi, da Turanci, aka ci kaji. Mai Girma Sarkin Sa Hannu ya halarta, shi da Alhaji Wakilin Kowa, bawan Allahn da tafin hannunsa ya fi burodin safe laushi. Su suka amince a madadinmu, Allah ya saka musu da abin da suka shuka. Iyalan da filin ke hannunsu tun kakanni an ba su abin da aka ba su. Baba kuwa aro yake ci tun zamanin mahaifinsa, shaidarsa kwandon kabejin fari da yake kai musu duk shekara, a yi gaisuwa a rabu da albarka. Kwando ba ya fitowa a hoton jirgi.

Na ce, "Madam, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Kun ɗauki fili, ku ɗauka da mutanen da ke ci a cikinsa. Ku buɗe masa ƙofa ko na ranin bana ne."

Ta ce akwai kwamitin sauraron koke, zai zauna a zango mai zuwa. Na tambayi yaushe ne zangon. Ta duba waya, ta ce wajen Yuli.

Na kai wa Baba labari. Ya ɗauki fartanya ya auna ɗan siririn filin da ya rage tsakanin shinge da kwalta, wanda ko tabarma sai an naɗe gefenta. Nan muka dasa abin da wurin ya ɗauka, ni da shi da Raliya, layi ɗaya tal. Sauran irin, mafi yawansa, yana bayan gida yana sunkuyar da kai. Ba na iya kallonsa.

Ruwa fa? Muna cikin shawara sai ga bakin tiyo ya leƙo ta ƙarƙashin waya. Hyginus na tsaye yana kallon sama kamar mai neman wata.

"Ni ban ga komai ba. Madam ya ce mutum da akuya. Bai ce ruwa ba."

Baba ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan Inyamurai."

"Baba, bar albarka tukuna. In kabeji ya nuna, kai biyu nawa ne."

Jiya da yamma Raliya ta turo mini saƙo, karo na farko da ta fara turowa, zuciyata har ta tsallake bugu. Hoto ne daga shafin kamfanin. Ga layin kabejin Baba, kore shar a gindin shingensu, ga Baba a duƙe, an rubuta a ƙasa: "Muna alfahari da tallafa wa manoman yankinmu." A can gefe ga ni da bokiti, facin wandona na kallon duniya. Ta rubuto, "Barka, yau dai an buga ka a inda ake karantawa."

Ashe suna ganin mutum. Amma fa sai ya koma bayan shinge.

Ni dai na ɗauki darasi daga ƙwararru. Na leƙa ofishin Mai Girma Sarkin Sa Hannu ran Laraba da hantsi, na sake leƙawa ran Alhamis, na iske kujera da fanka da hoton kansa a bango. Bincikena ya nuna ba kowa. Wanda ke da ragowar waya mai ƙaya ya taimaka mini, wurin zai yi kabeji.