Rasuwar Dattijuwa, Jitar da Ba a Taɓa Canja Mata Ko Kusa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar jitar lantarki mafi tsarkin asali da ta taɓa kwana a gidan haya, wadda muka fi sani da Dattijuwa. Rai ya yi halinsa mako uku da suka wuce, ranar Asabar da hantsi, a falonmu, tsakanin doguwar kujera da teburin talabijin. Ta rasu tana da shekara hamsin da huɗu, sha ɗaya daga ciki a hannuna. A tsawon wannan rayuwa ba a taɓa canja mata ko kusa ɗaya ba. Ni na tsaya a kan haka, kuma ina so tarihi ya sani.

Ina kuma sanar da cewa matata tana raye. Na sa wannan a layi na biyu ne domin ƙa'idar sanarwa ta ce mamaci ake fara ambata. Yatsu biyu na hannunta na dama, manuni da na tsakiya, ba sa jin komai tun ranar. Aikinta ɗibar jini ne a ɗakin gwaji na asibiti, kuma da waɗannan yatsun take lalubo jijiya shekara ashirin, har a hannun jinjiri, har a hannun da kowa ya soka ya gaji.

Marigayiya ja ce a ƙuruciyarta, kafin shekaru su mai da ita ruwan hanta. Fentinta ya goge a inda damtsen mazan da suka riga ni ya riƙa gogawa, mutanen da ban sani ba amma nake girmamawa kamar kakanni. Nauyi gare ta, waƙa uku in ka yi a tsaye kafaɗarka za ta kai ƙara. Ba ta magana sai ta bakin mijinta, wani tsohon amfilifaya, akwatin ƙara sauti, tsaranta mai kwalabe a ciki, wanda sai an kunna shi an ba shi minti goma ya yi ɗumi kafin ya yarda ya buɗe baki. Idan ya buɗe kuwa, da gurnani yake farawa, zuuuu, can ƙasa-ƙasa, sannan in na taɓa tsirkiyar farko sai ka ji taunnn, gilashin taga ya amsa. Na yi digiri biyu, ban taɓa faɗin abin da ya kai wannan taunnn ɗin ma'ana ba.

Ba a ɓoye halin mamaci gaba ɗaya, ana dai sassautawa. Dattijuwa tana cizo. In ka taɓa tsirkiyarta ba takalmi, za ka ji wani tsikari ya bi yatsunka ya haura gwiwar hannu. Ni na kira shi hali. Na sayi silifas mai kaurin roba, na kafa wa kaina doka cewa ba a taɓa ta sai da shi. Ban gaya wa kowa dokar ba a gidan, domin faɗinta daidai yake da amsa cewa akwai matsala.

Mai gyaran rediyon da ke bakin titinmu ya duba mijin nata bara, ya juya filogin a hannu, ya ce: "Yallaɓai, wannan ƙafa biyu gare shi. Babu waya ta uku da za ta kai wuta ƙasa in ta ɓata hanya. Ran da wani abu ya ƙone a ciki, wutar gari za ta hau tsirkiyar nan kai tsaye, kai ne kuma za ka zama wayar ta uku. Kawo in canja, aikin minti ashirin ne." Na zauna na yi masa bayanin asali, da yadda masana tsofaffin kayan kiɗa suke ɗaukar sabuwar waya a jikin tsohon akwati tamkar haƙorin roba a bakin zaki. Ya saurare ni har ƙarshe, mutum ne mai ladabi. Sannan ya ce: "To, yallaɓai, kai ka yi jami'a. Ita dai wutar ba ta yi ba."

An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ba a faɗi abin da ke faruwa ba idan kunnen na wani ne, jikin kuma na wani.

Ciwon ajali bai ɗauki lokaci ba. Na kunna amfilifaya don ya yi ɗumi, na jingina Dattijuwa da kujera, na shiga kicin haɗa shayi. Matata tana goge falo da ruwa, ƙafarta ba takalmi, kamar kowace Asabar. Na ji ta ce, "Malam, wannan kishiyar tawa za ta matsa ko in ɗaga ta?" Kafin in haɗiye abin da ke bakina, gurnanin ya canja. Ya tashi daga zuuuu ya koma wani ƙarrrr da ban taɓa ji ba. Ita kuwa ba ta yi ihu ba. Wannan ne abin da ke tashina daga barci: na same ta a tsaye, hannunta ya damƙe wuyan jitar ya ƙi saki, bakinta a buɗe, ba sauti. Ban san daƙiƙa nawa na yi a bakin ƙofa ba. Na san dai na fizge filogin, ta faɗi gefe guda, Dattijuwa ta faɗi ɗaya gefen, wuyanta ya karye, ƙas.

Ina roƙon masu ta'aziyya kada su tambaye ni wace na fara kallo. Yayan matata ya riga ya tambaya, a barandar asibiti, a gaban mutane. "Kai dai faɗa min gaskiya, suruki, wace ka fara ɗagawa?" Matata ce na fara ɗagawa. Ɗagawa ya tambaya.

Likita ya ce zuciyarta lafiya, mu gode wa Allah, saura ƙiris ne. Game da yatsun ya ce jijiya ba a yi mata gaggawa, tana iya farfaɗowa cikin watanni, tana iya ƙi. Tun ranar ba na kunna fitila sai da bakin rula. Firji in ya yi gurnani, sai in tsinci kaina a tsakar gida. Amma duk wannan wasa ne a kan safiya. Kowace safiya takan kama hannuna, ta ɗaure damtsen da igiyar roba, ta rufe ido, ta bi cikin gwiwar hannuna da yatsun nan biyu a hankali. "Saki jikinka, Malam, ba allura zan yi maka ba." Jijiyata tana nan ɓaro-ɓaro, makaho ma zai same ta. Ina kallo yatsunta su bi ta kai su wuce. Sai ta kwance igiyar, ta naɗe, ta tambaye ni ko zan ci ƙwai. Da za ta yi min faɗa, ko ta jefe ni da kofi, da na samu inda zan tsaya.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, wanda yanzu yake tsare a sito. Da akwatinta mai ƙamshin tsohon soso. Da maƙwabcinmu na sama, tsohon malamin lissafi, wanda ya sauko ta'aziyya yana ta fama da fuskarsa don kada ta yi murmushi. Da kuma ni, wanda bai taɓa iya waƙa huɗu cikakku ba.

Za a yi jana'iza gobe Litinin da ƙarfe tara na safe. Mai gyaran rediyo ne zai jagoranta. Zai datse wayar mijin a gabana, ya ɗora su biyun a baro, ya kai inda ya ga dama, kuma na yi alkawarin ba zan yi jawabi ba. Ba a buƙatar taro. Wanda yake da tsohon akwati mai filogi ƙafa biyu a gidansa, zuwansa wurin mai gyara ya wadatar a matsayin gaisuwa.

Matata tana ba da haƙuri, ba za ta samu halarta ba. Gobe da ƙarfe takwas take fara aiki a ɗakin ba da kati, a bayan wata 'yar taga, nesa da allura. Ba ta gaya min ta nemi canjin ba, kwafin takardar na gani jiya a ƙarƙashin fulas. Babu sunana a ciki, babu jita. A gurbin dalili ta rubuta: ra'ayin kaina. Rubutun a karkace yake, da hagu ta yi shi.