Makin Ɗalibaina a Hannun Mai Ƙosai

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na goge sakamakon jarrabawar makarantarmu da hannuna ba.

Ni ne malamin kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Ajingi (wato ni kaɗai na san inda ake kunna ta). Mai makarantar, Alhaji, ya ce in zaɓo manhajar da za ta riƙa tura fayilolinmu ta intanet zuwa kwamfutar ofishinsa a Gaya, ko da tamu za ta lalace. Biyu na samu. Ɗaya tana ajiye kwafin kowace rana daban, amma ga nawa ga cin data. Ɗayar kuwa nan take take mayar da kwamfutocin biyu iri ɗaya sak. Na ɗauki mai saurin, har da cika baki a taron malamai: "Ko gobara aka yi, makinku na Gaya."

Saura kwana biyu a raba sakamako, kwamfutarmu ta cika ta fara nauyi. Na ce ai komai na Gaya, na share fayilolin zangon kaf, har kwandon shara na zazzage (tsafta ke nan wai). Sannan na kira Alhaji.

"Ranka ya daɗe, a turo mini fayil ɗin maki kawai."

"Wanne? Babu komai a nan, Malam."

"A sake dubawa, don girman Allah."

"Na duba. Wayam."

Ashe manhajar aikinta ta yi: na goge a Ajingi, ta goge a Gaya.

Abin da ya rage shi ne takardun amsar yara, masu maki da jan biro. Baba maigadi ya ce tun jiya ya ba Iya mai ƙosai, kamar yadda aka saba duk ƙarshen zango. Na kwasa da gudu, na tarar tana naɗe wa wani ƙosai da lissafin aji uku.

"Iya, don Allah dakata!"

"Malam, na nawa za a zuba?"

"Takardar nake so."

Haka na tsuguna gaban kasko ina warware takardu masu maiƙo, iyayen ɗalibaina na tsaye suna kallo. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Mun ceto yawanci. Na yara tara kuwa sun bi ƙosai cikin gari, dole suka sake jarrabawa ranar da 'yan uwansu suka tafi hutu. Ni na tsare su, kuma babu wanda ya gaishe ni.

Yanzu in zan zaɓi manhaja, tambayata ɗaya ce: in na tashi yin wauta, hana ni za ta yi ko taya ni?